Jam'iyyun ƙyamar baƙi a Turai: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka yi zaɓe a Faransa ko Jamus ko Holan, mai sauraron rediyo sai ya ji an ce "jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin riƙau ta ƙara samun kujeru". Jimlar ta zama kamar karatun yara, ana ta maimaitawa ba a cika tsayawa a fasa ta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan waɗannan jam'iyyu, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Me ya sa ake ce musu "na dama"? Daman wa?

Daman shugaban majalisa. A 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, wakilan da ke goyon bayan sarki da coci suka riƙa zama a hannun daman mai shugabantar zaman, masu son a rushe tsohon tsari kuma a hagunsa. Sunan ya bi su har yau. 'Yan mazan jiya na dama ne, masu ra'ayin gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago na hagu. Jam'iyyun da muke magana a kai sun wuce 'yan mazan jiyan da aka sani, sun koma can ƙurewar daman.

Me ya haɗa su, tunda ƙasashensu daban-daban ne?

Wani masanin siyasa ɗan Holan, Cas Mudde, ya ware abubuwa uku da ake samu a jikin kowaccensu, kuma yawancin masu nazarin fannin a kan rabonsa suke tafiya.

Na farko, wanda shi ne ƙashin bayan komai, shi ne aƙidar cewa ƙasa ta 'yan asali ce su kaɗai. Duk wani bare, ko mutum ne ko addini ko al'ada, barazana ne. A lura, "ɗan asali" a wurinsu ba mai fasfo ba ne. Yaron da aka haifa a Marseille, kakansa ya zo daga Aljeriya tun zamanin mulkin mallaka, a idon da yawansu har gobe baƙo ne. Taken tsohuwar jam'iyyar Vlaams Blok ta Beljiyam ya faɗi abin a taƙaice: namu tukuna.

Na biyu son hukuma mai ƙarfin hannu: ƙarin 'yan sanda, hukunci mai tsanani, ladabtarwa a makaranta da gida. Na uku kuma raba al'umma gida biyu, talakawa masu gaskiya a gefe guda, manya ɓatattu a ɗaya gefen, wato 'yan siyasar babban birni, alƙalai, 'yan jarida, malaman jami'a da ma'aikatan Tarayyar Turai da ke Brussels. Jam'iyyar sai ta ce ita kaɗai ce bakin talaka. Wanda ya soke ta, talaka ya soka.

To ai siyasar "talaka da manya" ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Mene ne laifinta?

Ba baƙuwa ba ce kam. Sanarwar Sawaba da NEPU ta fitar a 1950 a fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin gargajiya, kuma a kan wannan Malam Aminu Kano ya gina siyasarsa. A Turai ma akwai jam'iyyun hagu masu irin wannan harshe, kamar Syriza ta Girka da Podemos ta Sifaniya.

Bambancin yana wajen wanda ake nuna wa yatsa. Mai siyasar talaka na hagu sama yake kallo, ya ce masu kuɗi da masu mulki ne suka danne ku. Na ƙurewar dama yana kallon sama, sannan ya juyo ya kalli ƙasa, ya ce manyan nan sun haɗa baki da baƙi don a ƙwace muku gida da aiki da asibiti. Talakan da ba ɗan asali ba ne ba ya cikin lissafin talakawansa. Shi ya sa a ganina kalmar "ƙyamar baƙi" ta fi kama jikin waɗannan jam'iyyu fiye da duk wani laƙabi da ake ba su.

Shin 'yan Nazi ne suka dawo da sabuwar riga?

Wasu daga can tushensu yake, babu ja. Jam'iyyar FPÖ ta Ostiriya, da aka kafa a 1956, shugabanta na farko Anton Reinthaller tsohon jami'in rundunar SS ta 'yan Nazi ne. Harshen wutar da ke jikin tambarin Fratelli d'Italia, jam'iyyar Giorgia Meloni, gado ne daga MSI, wadda mabiyan Mussolini suka kafa a 1946. Sweden Democrats ma, lokacin kafa ta a 1988, akwai 'yan sabuwar Nazi a cikin sahun farko. Wasu kuma ba haka suka faro ba. AfD ta Jamus, a 2013, taron masana tattalin arziki ce da ke adawa da kuɗin yuro da ceto ƙasar Girka daga bashi. Daga baya ne masu zafin kai suka ture waɗanda suka kafa ta.

Duk da haka masana na bambanta su da 'yan fasist na ainihi. Ɗan fasist ba ya yarda da zaɓe, da sanda da bindiga yake neman mulki. Misalinsa na kusa shi ne Golden Dawn ta Girka, wadda kotu ta ayyana a matsayin ƙungiyar masu laifi a Oktoban 2020. Su kuwa waɗannan sun amince da akwatin zaɓe, har suna son a yawaita ƙuri'ar raba gardama. Abin da ba sa so shi ne takunkumin da ake sa wa masu rinjaye: kotu mai zaman kanta, haƙƙin marasa rinjaye, jaridar da ba ta tsoron gwamnati. Iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ba katangar siminti ba ce, zana ce, ana leƙe ana kuma tsallakawa. A Mayun 2025 hukumar leƙen asirin cikin gida ta Jamus ta sanya AfD gaba ɗayanta a jerin masu tsattsauran ra'ayi da aka tabbatar, jam'iyyar kuma ta garzaya kotu.

Yaushe suka yi wannan ƙarfin?

A hankali, kamar ruwan da ke cin gindin gini. Labarin Faransa ya isa misali. Jean-Marie Le Pen na cikin waɗanda suka kafa Front National a 1972, ya yi shekara goma ba wanda ya san da zamansa. Mutum ne mai kaifin baki. A 1987 ya ce ɗakunan gas da aka kashe Yahudawa a ciki ƙaramin batu ne a tarihin yaƙin duniya na biyu. A 2002 ya ba kowa mamaki, ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Faransawa suka fito tituna, 'yan hagu suka toshe hanci suka zaɓi Jacques Chirac, ya ci da kashi 82 cikin 100.

'Yarsa Marine ta karɓi jam'iyyar a 2011, ta shiga aikin wanke ta. Ta kori uban nata da kanta a 2015, ta sauya sunan zuwa Rassemblement National a 2018, ta jingine maganar ficewa daga yuro da ke tsorata tsofaffi masu ajiya a banki. A 2017 ta samu kusan kashi 34 a zagaye na biyu, a 2022 ta haura 41. Uba 18, 'ya 41, cikin shekara 20. A zaɓen majalisar Turai na 2024 jam'iyyar, ƙarƙashin Jordan Bardella wanda aka haifa a 1995, ta zo ta ɗaya da kashi 31.

Abin da ya ba su iska a nahiyar baki ɗaya shi ne matsalar tattalin arziki ta 2008, sannan 2015, shekarar da mutane sama da miliyan ɗaya suka shiga Turai, akasarinsu masu gudun yaƙin Siriya, Afganistan da Iraƙi. AfD da ta kasa shiga majalisa a 2013 da kashi 4.7, ta shiga a 2017 da 12.6. A Fabrairun 2025 ta zo ta biyu da 20.8.

Su wa ke zaɓarsu? Talauci ne ke tura mutane?

Talauci na da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne. Hénin-Beaumont, wani gari a arewacin Faransa, garin masu haƙar kwal ne da ya yi shekaru yana zaɓar 'yan hagu. Aka rufe ramukan kwal, masana'antu suka bi baya, a 2014 garin ya miƙa kujerar magajin gari ga jam'iyyar Le Pen. Irin wannan gari yana da yawa: asibiti ya yi nisa, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, matasa sun tafi birni. Sai ga wanda ya zo ya ce kuɗinku ne ake kashe wa baƙi. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Sai dai Suwizalan, Ostiriya da Holan suna cikin ƙasashen da suka fi kowa wadata, kuma can ma jam'iyyun suka taɓa zuwa na ɗaya. Wani abin mamakin shi ne inda baƙi suka fi ƙaranci nan suka fi cin ƙuri'a. A 2025 AfD ce ta ɗaya a dukkan jihohi biyar na tsohuwar Jamus ta Gabas, alhali baƙi sun fi yawa a biranen yamma. Tsoron baƙon da aka gani a talabijin da waya ya fi na maƙwabcin da ake gaisawa da shi kullum. Gaba ɗaya dai maza sun fi mata zaɓarsu, waɗanda ba su je jami'a ba sun fi waɗanda suka je, ƙauye da ƙananan garuruwa sun fi manyan birane.

Kuma sun iya zance da ma'aikaci. Rassemblement National ta yi adawa da ɗaga shekarun ritaya zuwa 64 a 2023. Ba sa cewa a rushe tallafin gwamnati, cewa suke a ware shi ga ɗan ƙasa.

Me ya sa Musulunci ya tsone musu ido?

Domin ƙyamar Yahudawa, wadda ita ce gadon gidansu, ta zama abin kunya da hukunci a Turai, ita kuwa ƙyamar Musulmi ana iya yi mata ado. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 da hare-haren Madrid, Landan da Paris, sai suka koma magana da sunan kare 'yancin mata da 'yancin faɗar albarkacin baki, abubuwan da kakanninsu na siyasa ba su taɓa damuwa da su ba.

Geert Wilders na Holan ne gwani a nan. Jam'iyyarsa PVV mamba ɗaya tak gare ta a rajista, shi kansa. Ya sha kiran a haramta Alƙur'ani a rufe masallatai. A daren zaɓen ƙananan hukumomi na Maris 2014, a birnin Hague, ya tsaya gaban magoya bayansa ya tambaye su ko suna son 'yan Maroko su ƙaru ko su ragu. Zauren ya ɗauka, "su ragu, su ragu!" Ya ce to, za mu san yadda za a yi. Kotu ta same shi da laifin cin zarafin al'umma a 2016 ba tare da ta yanke masa wani hukunci ba. A Nuwamban 2023 jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya da kujeru 37 cikin 150.

A Suwizalan, ƙuri'ar raba gardama ta 2009 ta haramta gina hasumiyar masallaci da kashi 57.5, a ƙasar da hasumiyoyi huɗu kacal ke cikinta a lokacin. AfD ta rubuta a kundin manufofinta na 2016 cewa Musulunci ba na Jamus ba ne. Marine Le Pen ta yi alƙawari a 2022 cewa za a ci tarar mai sa hijabi a titi. A bayan duk wannan akwai wata tatsuniya da ake yaɗawa, wai manya sun shirya musanya fararen Turai da Musulmi da baƙaƙen fata. Ita ce ɗan bindigar da ya kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand a Maris 2019 ya kafa hujja da ita. Jam'iyyun sun yi tir da kisan, amma ba duka suka bar tatsuniyar ba.

Sun taɓa riƙe mulki? Me suka yi da shi?

Sun taɓa, kuma sakamakon iri-iri ne. Inda suka shiga a matsayin ƙaramin abokin ƙawance, sau da yawa rigima ce ke biyo baya. A Ostiriya gwamnatin da FPÖ ta shiga a 2017 ta rushe a Mayun 2019, bayan fitar wani bidiyo da aka ɗauka a ɓoye a wani gida a tsibirin Ibiza. An ga shugabanta Heinz-Christian Strache a kan kujera da 'yar shara, ga kwalabe a tebur, yana yi wa wata mata da ta ce ita 'yar ɗan'uwan wani attajirin Rasha ce tayin kwangilolin gwamnati idan ta sayi jaridar da ta fi kowace kasuwa a ƙasar ta juya ta wajensu. Mai yaƙi da manya ɓatattu ke nan. Aka ce ta ƙare wa jam'iyyar. A Satumban 2024 ta zo ta ɗaya da kusan kashi 29. A Holan, jam'iyyar Wilders ta shiga gwamnati a Yulin 2024, ta fice a Yunin 2025 kafin gwamnatin ta cika shekara.

Inda suka samu mulki su kaɗai, labarin daban ne. Viktor Orbán ya koma kujerar firaministan Hungari a 2010 da rinjayen kashi biyu cikin uku na majalisa, ya rubuta sabon kundin tsarin mulki, ya sake fasalin kotuna da mazaɓu, kafofin yaɗa labarai masu yawa suka koma hannun na kusa da shi. A 2015 ya ja shingen waya a iyakarsu da Sabiya. Jam'iyyar PiS ta bi irin wannan hanya da kotunan Polan daga 2015 har ta rasa mulki a 2023.

Meloni kuwa ta rikita masu hasashe. Jam'iyyarta ta tashi daga kashi 4 a 2018 zuwa 26 a 2022. Da ta hau kujerar firaministar Italiya, ta zauna lafiya da Brussels, ta mara wa Yukren baya. Ta tsaurara wa jiragen ruwan agaji da ke ceto a Bahar Rum, ta ƙulla yarjejeniyar kai masu neman mafaka Albaniya, wadda kotunan Italiya suka yi ta taka wa birki. A lokaci guda gwamnatinta ta amince da shigar ma'aikata 452,000 daga ƙetare tsakanin 2023 da 2025. Gonakin tumatir da gidajen kula da tsofaffi ba sa jin taken kamfe.

Me ya hana sauran jam'iyyu su haɗu su toshe musu hanya?

Suna yi. A Beljiyam tun 1989 aka yi alƙawarin ba za a yi ƙawance da Vlaams Blok ba. Jamusawa na kiran nasu katangar tare gobara. A Fabrairun 2020 aka zaɓi Thomas Kemmerich shugaban gwamnatin jihar Thuringia da taimakon ƙuri'un AfD. Shugabar jam'iyyar hagu ta jihar ta tako da furannin taya murna, ta yar da su a gaban ƙafarsa, ta juya ta tafi. Angela Merkel, tana ziyara a Afirka ta Kudu, ta ce abin da aka yi ba a yafe shi. Cikin kwana uku ya sauka.

Katangar na da tsada. Kowa ya taru a gefe guda, su kaɗai suka rage 'yan adawa, sai su ce kun gani, duk kanwar ja ce. Kuma tana tsagewa. A Janairun 2025 Friedrich Merz, jagoran 'yan mazan jiya na Jamus, ya tsallakar da wani ƙuduri kan baƙi a majalisar tarayya da ƙuri'un AfD. A Suwidin kuwa gwamnatin da aka kafa a 2022 da goyon bayan Sweden Democrats ta tsaya.

Kansu a haɗe yake?

Ina! Masu cewa "ƙasata tukuna" ba su da daɗin haɗa tafiya. Bayan zaɓen 2024 gida uku suka rabu a majalisar Turai. Rasha ce babbar mai raba su: jam'iyyar Le Pen ta ci bashin kusan yuro miliyan 9 daga wani bankin Rasha a 2014, 'yan Polan kuwa ba su da abokin gaba kamar Mosko. Italiya na son a rarraba baƙin da suka sauka a gaɓarta, Hungari ta ce ko ɗaya ba ta karɓa.

Idan a yawancin ƙasashe ba su ke mulki ba, ina ƙarfin nasu yake?

A bakin abokan hamayyarsu. Nigel Farage bai samu kujera a majalisar Birtaniya ba sai 2024, bayan ya faɗi sau bakwai, amma tsoron jam'iyyarsa ta wancan lokaci, UKIP, na cikin abin da ya sa firaminista David Cameron ya kira ƙuri'ar 2016 da ta fitar da ƙasar daga Tarayyar Turai. A Denmak, jam'iyyar ma'aikata ta Mette Frederiksen ta goyi bayan dokar 2016 da ta ba da damar ƙwace kuɗi da kadarar mai neman mafaka idan ta haura krona 10,000, daga baya kuma Frederiksen ta ce burinta a wayi gari babu mai neman mafaka ko ɗaya. Shirin da Birtaniya ta taɓa yi na kai baƙi Ruwanda na 'yan jam'iyyar Conservative ne. Da majalisar Faransa ta zartar da dokar shige da fice a Disamban 2023, Marine Le Pen ta ce nasara ce ta aƙidarsu, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Masu kwaikwayon suna cewa ta haka za su janye masu zaɓe. A Denmak ta ɗan yi aiki. A wurare da yawa kuwa mai zaɓe ya ga an gaskata maganar da aka daɗe ana ce masa haramun ce, sai ya koma wajen mai asalin hajar.

Wannan cutar Turawa ce kaɗai?

Laifi tudu ne. Masana da dama na sa Donald Trump, Jair Bolsonaro na Brazil da BJP ta Indiya a wannan layi. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce shigowar baƙaƙen Afirka makirci ne na sauya fuskar ƙasarsa, aka shiga korar mutane daga gidajen haya. Afirka ta Kudu na da Operation Dudula, ƙungiyar masu neman a kori baƙi. Ghana ta kori baƙi a 1969, da yawansu 'yan Najeriya, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin tata a 1983, kusan 'yan Ghana miliyan ɗaya suka kwashe kaya a jakar da har yau sunan abin ke jikinta.

A ina abin ya taɓa mu kai tsaye?

A layin biza da kuma hanyar Sahara. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban ƙetare tafiya da iyalinsu, kuma 'yan Najeriya ne ke kan gaba a masu tafiya da mata da 'ya'ya kafin dokar. A Maris na shekarar aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi irin wannan.

Agadez ta fi kowa ɗanɗanawa. A Mayun 2015 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta yi dokar da ta mai da jigilar 'yan ci-rani zuwa arewa laifi. A Nuwamban shekarar shugabannin Turai da Afirka suka haɗu a Valletta ta ƙasar Malta, aka kafa asusun yuro biliyan 1.8, Nijar na cikin manyan masu cin gajiyarsa. Waɗanda suka sa hannu daga ɓangaren Turai yawancinsu ba 'yan ƙurewar dama ba ne, shugabanni ne da ke jin numfashin Le Pen da AfD a ƙeyarsu. Daga 2016 aka fara kama direbobi ana tsare motocinsu ƙirar Hilux. Ayarin da ke tashi kowace Litinin da rakiyar soja zuwa Dirku ya ragu, masu gidajen saukar baƙi, masu sayar da jarkar ruwa da masu canjin kuɗi suka rasa abin yi. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'ai ke gadi, suna bin hanyoyin da in mota ta lalace babu mai wucewa. A Nuwamban 2023, wata huɗu bayan juyin mulki, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar, aka kuma share hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta.